Dosiye ɗaya, ƙi uku: nazarin lamarin wani ɗalibin Maraɗi da ya nemi karatun likita

Yaron da wannan nazari ya shafa na koyar da shi kimiyyar halittu shekara biyu a wani lise, wato babbar sakandare, na gwamnati cikin garin Maraɗi. Ba zan ambaci sunansa ko unguwarsu ba, haka muka yi da shi da mahaifinsa.

Asalin lamarin

Shi ne na uku cikin ƴaƴa tara, kuma na farko a gidansu da ya wuce firamare. Mahaifinsa yana da rumfa a kasuwa. Lokacin kaka yakan sayi wake da aya da gujiya ya ajiye, in sun yi daraja ya sayar wa masu lodi zuwa Najeriya. Tun yaron yana aji biyar matan unguwa suka gano ya iya karanta ordonans, wato takardar maganin da likita ke rubutawa. Mace za ta dawo daga likita da takarda da ƙullin magani, ta manta wanne ne na safe wanne ne na dare, sai a ce a kira shi. Ya karanta, ya ɗauki bik ya ja sanda ɗaya ko biyu ko uku a jikin kwalin, ya miƙa mata. Daga nan sunan Dokta ya bi shi. Kafin ya shiga lise har mahaifinsa da sunan yake kiransa, ƙananan ƙannensa ma wasu ba su san sunansa na yanka ba.

Ga wanda bai san tsarinmu ba: a Nijar mai son karatun likita yakan bi ɓangaren kimiyya a lise, galibi seri D, ya yi jarrabawar bak, wato ta ƙarshen lise. Ana ba da maki bisa 20. Daga 10 zuwa ƙasa da 12 an ci amma ba yabo. Daga 12 ne ake fara samun yabon da muke kira mansiyon, mataki na gaba daga 14, na sama daga 16. Akwai sashen kimiyyar lafiya a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da Jami'ar André Salifou ta Damagaram, da tamu ta nan gida, Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, wadda aka kafa a 2010. Karatun yana cin shekara bakwai zuwa takwas. Masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba, don haka ana tacewa, kuma abin da ya fi nauyi a ma'auni shi ne makin bak, musamman na lissafi, da fizik da shimi, da kimiyyar halittu.

Daminar 2021 zuwa ƙarshen shekara

Ya ci bak tun zagayen farko da 11.4. Kimiyyar halittu 14, fizik da shimi 10, lissafi 8. A gidansu aka yanka akuya, mahaifiyarsa ta raba ƙosai sadaka har gida goma sha.

Ya haɗa dosiye: takardar haihuwa, takardar ɗan ƙasa, takardar maki, hotuna, aka kai meri, wato ofishin magajin gari, aka buga hatimi. Wuri ɗaya ya nema, kuma karatun likita kaɗai ya rubuta. Da jerin sunaye ya fito, a salular wani abokinsa ya gan shi, hoton takarda ne da aka ɗauka a jikin bango ake yawo da shi ta WhatsApp. Ya ce mini sau huɗu ya bi jerin da yatsa, yana buɗa hoton yana matsewa.

Hanya a buɗe take a lokacin ya yi rajista a sashen kimiyya ya karanta ilimin halittu, ko ya nemi makarantar koyon aikin jinya. Ya ƙi. Mahaifinsa ya goya masa baya, ya ce: "Wanga yaro likita zai zama, ba mai wanke gyambo ba." Ya zo wurina a wannan makon. Na ce masa ya yi haƙuri, rabonsa ne bai tsaga ba, ya sake gwadawa baɗi. Ban ce ya kawo takardar makinsa in duba ba. A riƙe wannan, za a dawo kansa.

Shekarar ya yi ta a rumfar mahaifinsa, yana rubuta lissafin buhuna a littafi, da dare yana bitar darussan lise.

2022: wurare uku da wani mai hanya

Wannan karon ya nemi duka wurare ukun. Ya hau mota zuwa Yamai, kusan kilomita 660, ya kwana uku a ɗakin wani ɗan unguwarsu da ke karatu can. Ya je Damagaram ya dawo a kwana biyu. Kuɗin mota da hatimi da hotuna da abinci sun tasam ma jika 70, wato sefa dubu 70.

An kuma bi ta wajen addu'a. Aka sauke Alƙur'ani a gida, mahaifiyarsa ta yi azumin Litinin da Alhamis na wata biyu. Ya nemi tallafin karatu a waje, irin guraben da Aljeriya da Maroko ke ba ɗaliban Nijar ta hannun ANAB, hukumar tallafin karatu ta ƙasa, amma waɗannan masu maki na sama ne ke kwashe su, bai kai ko'ina ba.

A nan ne wani mutum ya shigo, wanda wani abokin cinikin mahaifin ya kawo. Mai tsafta, da jaka a hannu, yana jefa Faransanci cikin magana. Ya ce yana da wanda zai sa sunan yaro a jerin ƙari. Ya karɓi jika 100 kafin alƙalami, ya dawo bayan sati uku ya karɓi 50 na "sa hannu". Jerin ya fito babu sunan, jerin ƙari ma haka. Lambar mutumin ta daina shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma gidan nan bangonsu ya riga ya tsage. Mahaifin ya hana a kai ƙara don kada kasuwa ta ji.

Bayan wannan ne yaron ya fara janye jiki daga fada. Ba wanda ya zage shi. Abin da ya kasa jurewa shi ne in ya iso a ce "Dokta, ga kujera", alhali cikin masu shan shayin akwai ɗan ajinsu da ya samu gurbin, ya zo hutu, ana kiransa da sunansa kawai.

2023: Sudan, Katsina, da rufe iyaka

Farkon shekara kawunsa ya kawo shawarar Sudan, inda yaran Hausa da dama ke zuwa karatun likita. An yi fasfo, an fara tara kuɗi. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum. Maganar ta mutu a nan.

Sai aka juya kudu. Cikin watan Mayu ya tafi Katsina wurin gwaggonsa, ya shiga wata cibiyar koyon Ingilishi da shirin jarrabawar JAMB. Mai neman likita a Najeriya yakan amsa darasi huɗu a kwamfuta: Ingilishi, fizik, shimi da ilimin halittu, maki 400 gaba ɗaya. Yaron da ya yi shekara goma sha uku yana karatu da Faransanci, ilimin yana kansa amma tambayar ce ba ya ganewa da sauri. A gwajin cibiyar na ƙarshe da ya yi ya samu 171.

Ya zo gida ganin iyaye cikin Yuli. Ranar 26 ga watan sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum, sannan CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. Masu bin daji a kan babur ta bayan Dan Isa ba su fasa ba, amma mahaifiyarsa ta rantse ba zai bi su ba. Cinikin mahaifin ma ya tsaya cik, don masu lodi sun daina zuwa. Littattafan yaron da kayansa suna Katsina.

Ya sake kai dosiye karo na uku, wurare biyu, don kuɗin Yamai bai samu ba. Karo na uku babu sunansa.

Disamba 2023 zuwa Janairu 2024

Ya daina zuwa rumfa. Ya daina fita sallar jam'i, sai Juma'a, ita ma yakan tsaya sahun baya ya fice kafin a fara gaisawa. Barci sai gab da asuba. Tuwon da aka kai masa ɗaki yakan dawo an taɓa gefe ɗaya. Ya fara sayen ƙwayar barci wurin masu tallar magani a kai, shi da ya fi kowa a unguwar sanin haɗarinta.

Mahaifin ya ɗauka lalaci ne, ya yi faɗa, ya ce ko jaki aka kashe wa wannan kuɗi da ya yi wani abu. Wata maƙwabciya ta ce sammu ne, aka kawo hayaƙi da rubutu. Tsakiyar Janairu mahaifiyarsa ta zo wurin maiɗakina, ta zauna ta kasa magana sai kuka. Washegari bayan la'asar na je gidan.

Ɗakin duhu, ba wuta, taga a rufe saboda hunturu. Yana zaune kan katifa da bargo. Ya yi yunƙurin tashi, na ce ya zauna. Na ce: "Ɗana, yaya jikin?" Ya ce: "Lafiya lau nike, Mushe." Haka ɗalibanmu ke kiran malami, daga Faransanci. Muka yi shiru mai tsawo. Can ya ce: "Mushe, mi ke gare ni da ba su so?"

Ban ba shi amsa ranar ba, don ba ni da ita.

Fabrairu zuwa Yuni 2024: abin da aka yi

Na fara da lafiyarsa. Na kai shi wurin wani likita, tsohon ɗalibina, da sunan ciwon kai da rashin barci, don da wannan sunan ne kaɗai mahaifin zai yarda. Likitan ya fitar da ni ya zauna da shi kusan awa ɗaya. Daga baya yaron da kansa ya gaya mini an tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa tunanin kashe kansa, ya ce a'a, amma sau da yawa yakan kwanta yana fatan kada ya farka. Likitan ya ce wannan ciwon damuwa ne, irin wanda ake ganewa in mutum ya wuce sati biyu cikin ƙunci, ya daina jin daɗin abin da ya saba so, barci da ci suka lalace. Ya sa aka janye ƙwayar barcin a hankali, ya ce ya riƙa dawowa duk sati biyu. A ma'aunin asibiti nauyinsa kilo 54 ne, alhali a takardar lafiyarsa ta shekarar bak 61 aka rubuta. Likitan ya gindaya sharuɗɗa masu sauƙin faɗi: ya tashi lokaci guda kullum, ya fita rana, ya taka ƙafa. Ƙaninsa mai bi masa aka ɗora wa rakiya, kowace safiya su yi tafiya zuwa bakin gulbi su dawo.

Sati uku bayan haka na ce ya kawo mini kwafin dosiyoyinsa duka. Ya kawo su cikin leda. Muka shimfiɗa tabarma a zauren gidana, na jera su gefe da gefe: 2021, 2022, 2023. Na ce ya nuna mini abin da ya bambanta na farko da na uku. Ya duba, ya juya shafi, ya sake dubawa. Hoto ya canza, don a na uku ya tara gemu. Kwanan watan hatimin meri ya canza. Shi ke nan. Lissafi 8 ne a duka ukun, fizik da shimi 10, matsakaicin maki 11.4.

Na ce masa cikin ɗalibaina da na san sun samu gurbin a shekarun nan, ban tuna ko ɗaya da ba shi da mansiyon ba. Na ce waɗanda suka tace takardun ba su taɓa ganin fuskarsa ba, ba su san ya karanta wa rabin unguwa ordonans ba, ba su san dararen da ya kwana yana bita ba. Bitar nan ta shekara uku ko ɗigo ba ta ƙara a takardar da suke dubawa ba, kuma kowace damina sabbin masu bak suna shigowa layi. Ya daɗe yana kallon takardun. Ya ce: "Ashe tun ta farko an gama." Ya yi kuka sosai, irin wanda ban ga ya yi a ɗakinsa ba. Maiɗakina ta leƙo, na yi mata alama ta koma.

Sai maganar suna, wadda ta fi ba ni wahala. Na sami mahaifin a rumfa bayan azahar. Na ce: "Alhaji, alfarma na zo nema. A daina kiran yaron nan Dokta." Ya ce suna ne na albarka, bakin mutane ne, ba shi ya raɗa ba. Na ce duk kiran da aka yi masa da shi kamar an tuna masa bashi ne. Bai amsa ba, ya kira yaron shago ya kawo mini ruwa. Mahaifiyar kuwa daga ranar ta koma sunan yanka, ta hana ƙannen. Alhaji ya yi kusan wata biyu ba ya kiransa da kowane suna, sai "kai".

Cikin Maris aka buɗe iyaka, gwaggo ta aiko da kayansa, da saƙon cewa ya koma Katsina. Muka zauna da shi da kawunsa muka yi lissafi: aƙalla shekara guda ta Ingilishi, sai daidaita takardu, sai jarrabawar da ƴan ƙasar masu maki mai yawa ma suke rasa gurbi, sai kuɗin makaranta na baƙo. Shi da kansa ya ce a bari. Ban sa baki ba.

Abin da na roƙe shi ɗaya ne: kada ya yanke shawarar komai sai ya ga aikin lafiya da idonsa, tunda duk shekarun nan farar riga yake hange daga nesa.

Daminar 2024

Kowace damina ana rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga yara daga wata 3 zuwa wata 59, gida-gida, sau ɗaya a wata, daga wajen Yuli zuwa Oktoba. Ana ba yaro kashin farko a gaban mai rabo, a bar wa uwa na kwana biyu masu zuwa. A tafe ɗaya ake auna damtsen yara da ɗan tef mai launi uku don gano tamowa: kore lafiya, rawaya a kula, ja kuwa, wato ƙasa da milimita 115, a tura asibiti. Majo, wato shugaban wata cibiyar lafiya da ke gefen gari, ya karɓe shi cikin masu rabon.

Zagayen farko ya dawo yana ƙorafin rana da karnuka da matan da ke ɓoye yara a ɗaki. Zagaye na biyu ya zo mini da labarin wata yarinya ƴar wata goma sha huɗu da tef ya nuna ja. Kakarta ta ce haƙori ne. Ya zauna bakin ƙofa yana lallashi har uwar ta ɗauki mayafi, ya raka su cibiyar da kansa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne a ranar babu likita a wurin, kuma ba a saba samun shi ba. Majon ne, ma'aikacin jinya, ya duba ta, ya rubuta takardar turawa, ya koma kan layin mata sama da talatin, ya ɗinke wani yaro da fartanya ta sare. Ya ce: "Mushe, mutumin nan shi kaɗai ne asibitin."

Ƙarshen Agusta aka yi ruwan da ya rushe gidaje a Maraɗi. Ya kwana biyu a cibiyar yana taya su rubuta sunaye da miƙa kaya. A wannan watan likitansa ya mayar da ganawarsu sau ɗaya a wata. Nauyinsa ya koma 59.

Inda aka tsaya

Bai kai dosiye na huɗu ba. Ƙarshen 2024 ya shiga wata makarantar lafiya mai zaman kanta a nan Maraɗi, karatun jinya na shekara uku. Kafin a biya ko dala sai da muka tabbatar gwamnati ta amince da makarantar kuma ɗalibanta suna zama jarrabawar ƙasa, don mun sha hannun mai jaka sau ɗaya. Kawunsa ya ɗauki rabin kuɗin daga abin da aka tara na Sudan, mahaifin ya ɗauki rabi ba tare da ya ce uffan ba. Ya gama shekarar farko cikin na gaba-gaba a ajinsu.

Yadda nake ganin lamarin

Babban abin da ya cutar da yaron nan shi ne yana lissafin an ƙi shi sau uku, yana ɗaukar kowane ƙi a matsayin sabon hukunci a kan ƙwaƙwalwarsa da darajarsa, alhali takarda ɗaya ce aka auna sau uku da ma'auni ɗaya. Naci yana da amfani inda ƙoƙarin bana zai iya canza sakamakon baɗi. A nan ba haka ba ne, kuma babu babba ko ɗaya cikinmu da ya zauna ya duba. Ni na fi kowa laifi, don ni ne na san yadda ake tacewa. A 2021 minti goma sun isa in gaya masa gaskiya. Na zaɓi "sake gwadawa" saboda ta fi daɗin faɗi, ita kuwa ta ci masa shekara uku.

Addu'ar da aka yi ban ga aibinta ba, ita ta riƙe mahaifiyarsa. Inda aka yi kuskure shi ne da aka bar kalmar rabo ta hana a buɗe takarda. Sudan da Katsina ba wauta ba ce, akwai waɗanda suka bi suka dace, amma an faɗa musu ne da gudu ba a ƙirga kuɗi da harshe da lokaci ba. Jika 150 na mai jaka kuwa kunya ce ta biya su, kunyar kuma ta hana a nemo su.

Abin da ya yi aiki, a ganina, jerin da aka bi ne. Da na shimfiɗa masa dosiyoyin nan cikin Janairu, yana ɗaki ba ya barci, ina tsoron abin da zai biyo baya. Sai da barci ya dawo, ya fara cin abinci, sannan ya iya ɗaukar maganar. Kuma da an tura shi karatun jinya kai tsaye, da ya shiga yana ganin an ba shi ladan gaɓe ne. Majon can ne ya canza masa kallo, ba wa'azina ba.

Ban ce ya warke sarai ba. Ɗan ajinsu da ya samu gurbin yanzu yana zagayen ɗakunan marasa lafiya da abin sauraren ƙirji a wuya, kuma sun haɗu a asibiti lokacin da yaron ya je koyon aiki. Ya gaya mini ranar bai ci abincin dare ba. Yana kuma bincike ko akwai hanyar ci gaba bayan ya gama, ban hana shi ba, na dai ce wannan karon mu fara da karanta sharuɗɗa.

Kwanan baya na bi ta rumfar Alhaji. Ƙafarsa ta kumbura, yaron ya durƙusa yana auna masa jini da na'urar da ya aro. Wani mai sayen wake ya tambaya: "Alhaji, wannan ne likitan naka?" Alhaji ya dubi abin da ke naɗe a damtsensa, ya ce: "Yana dai karatu." Sannan ya kira shi da sunansa na yanka, ya ce ya sassauta, abin ya matse shi.